Kabarin Baballe a Bakin Teku

Kadawa,
Litinin, 14 ga Janairu, 2002.

Zuwa ga amaryata Zuliha,

Assalamu alaikum. Yau Litinin na tashi da sauƙi. Tarin ya ragu tun da na daina fita sallar asuba babu mayafi, ƙafar hagu ce dai take kumbura in rana ta ɗaga. Ina fata kina lafiya, ke da yaran da kike koyarwa, da duk mai tambayata, ko da yake ban san wa zai tambayi tsoho irina a Agege ba.

Tumatir ya nuna, motoci sun fara lodi, zumuncinmu kuma ya farka. Maharazu direba zai tashi gobe zuwa kasuwar gwari ta Legas, shi zai miƙa miki wannan kamar bara. Tun da lodi ya tsaya a wancan ranin ban ji daga gare ki ba, ban kuma yi fushi ba. Wasiƙunmu 'yan rani ne, tare da tumatir suke tafiya.

A wasiƙarki ta ƙarshe kin ce ku malamai kuna shirin hawa wata ƙaramar bas a hutun Disamba, mai jagora ya bi da ku bakin teku har Gana. Kin je? In kin je, kin bi ta wani gari Keta?

Ga dalilin tambayata. Kakanki Baballe, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, a can yake kwance. Ya bi fataken goro yana saurayi, ya zauna a zangon Keta, ya yi aure, ya haifi mahaifinki. Zazzaɓi ya ɗauke shi a 1968. Labarin bai iso mu ba sai da aka girbe gero, shi kuwa tun kafin shuka aka binne shi. Shekara ta zagayo aka kori baƙi daga Gana, kakarki ta taho da mahaifinki Legas. Daga ranar babu wani na jininmu da ya sake tsayawa a kan kabarin nan. Innarmu ta rasu tana tambaya ko akwai inuwa a wurin. Na ce mata in Allah ya yarda zan je in gano mata. Aiki ya riƙe ni, sannan jinyar Adama matata, Allah ya jiƙanta, sannan tsufa.

Ni ban taɓa ganin teku ba. A makarantar Midil ta Kano wani malami ya nuna mana taswira ya ce koguna duk teku suke nufa. Da na fara aikin buɗe ƙofofin ruwa a nan, na gane namu ban da shi. Ya fito daga Tiga, mu raba shi kanal-kanal, abin da ya rage ya bi ta Haɗeja ya ɓace a yashi da fadamu. Saboda haka ki ba ni labari dalla-dalla, kada ki yi mini rowar tawada.

Uwa matar maƙwabcina tana gaishe ki. Ita ke kawo mini kunu, tana cewa amaryar da ba ta dafa wa miji ko ruwan zafi ba sakinta ya kamata. Na ce mata ina nan ina tunani.

Mijinki na ƙauye,
Malam Isiyaku.

Agege,
Lahadi, 27 ga Janairu, 2002.

Zuwa ga angona tsoho,

Wa alaikumus salam. Na gode Allah da tarin ya ragu. Ƙafar nan kuwa ka kai ta asibitin Kura, kada ka tsaya jiƙe-jiƙe. Ka gaya wa Uwa ta ci gaba da kunu, ni ba na kishi da mai yi mini aiki.

Kaka, na je. Na kuma je Keta.

Mu tara ne a bas ɗin, duk malamai, sai direba da jagoranmu Bilya, ɗan zangon Lome. Hausa, Faransanci, yaren Ewe, duk a bakinsa, kuma babu ɗan kwastan ɗin da bai san sunansa ba. Mun tashi ta Badagiri, muka ƙetare iyaka a Seme, muka ratsa Kwatano cikin hayaƙin babura. Bayan Kwatano hanya ta koma kusa da gaɓa. Kaka, ba zan iya kwatanta maka ba. Ɗauki duk gonakin Kadawa da Bunkure ka mai da su ruwa, sannan ka cire ƙarshensu. Kuma ba ya tsayawa. Yana zuwa yana komawa da wani irin gurnani, ko a cikin mota da gilas a rufe kana jin sa. Bishiyoyin kwakwa sun jeru a kan farin yashi, masunta kamar talatin suna jan taru ɗaya suna waƙa. Bilya ya tsayar da mota muka kama musu igiya. Malama Ummulkhairi ta faɗi zaune a ruwa, aka yi ta dariya har Lome.

Keta ba ta cikin tsarin tafiyar. Na roƙi Bilya, ya tambayi sauran, suka yarda. Garin siriri ne, teku ta nan, tafki ta can. Abin da zai burge ka, suna noman rani a kan yashin, ƙananan albasa, suna ɗebo ruwa daga 'yan rijiyoyi da bokiti. Na ce da angona yana nan da ya tsaya koya musu aiki mun kwana.

Limamin zangon tsoho ne tukuf, ba ya gani sosai. Da na ce Baballe na Kura, sai ya ce, “Mai dariya da kafaɗa?” Shi ya yi masa wanka. Ya sa aka riƙe masa hannu ya kai mu. Akwai dutse a wajen kai da sunansa da ajami, gishiri ya cinye rabin rubutun. Akwai inuwa, Kaka. Wata bishiyar darbejiya ce ta karkato kansa.

Yanzu ga abin da ba na son rubutawa. Teku yana cin garin. Na ga gidajen da rabinsu ke cikin ruwa. Ya riga ya kwashe layukan gaba na maƙabartar, tsakanin ruwan da Kaka Baballe saura kaɗan. Ana jibge manyan duwatsu don a tare shi, amma aikin bai iso wannan gefen ba. Liman ya ce da damina ruwan ya fi hauka.

Bilya zai sake kai wasu mutane a ƙarshen Afrilu. Na sa ya ajiye kujera biyu, taka ta gefen taga, ɓangaren teku. Ka nemi fasfo da katin rigakafi a Kano. Da an ba mu hutu, mako na biyu na Afrilu, ni da kaina zan zo in ɗauke ka. Dama ban taɓa ganin gidan da aka haifi kakana ba. Kada ka ce mini tsufa.

Amaryarka,
Zuliha.

Kadawa,
Laraba, 6 ga Maris, 2002.

Zuwa ga Zuliha,

Assalamu alaikum. Yau Laraba jiki da dama-dama. Na je asibitin kamar yadda kika umarta. Likitan ya daɗe da abin sauraronsa a ƙirjina, ya ce zuciya ce ta gaji, ya ba ni ƙwayoyi, ya hana ni gishiri. Na ce masa ga shi kuwa ina shirin zuwa inda gishiri ya fi yawa a duniya. Bai yi dariya ba. Yaran yanzu.

Wasiƙarki na karanta ta har takardar ta yi laushi. Mai dariya da kafaɗa. Wallahi haka yake, ba ya buɗe baki, kafaɗunsa ne ke rawa. Na manta da wannan sai da limamin ya tuna mini. Ranar da na karanta na tafi maƙabartarmu na tsaya wajen Inna na ce mata akwai inuwa.

Na jinkirta amsa ne don ina so in ce miki an gama, kuma an gama. Fasfo yana hannuna, katin ma haka. Mai hoton Kura ya ce in cire hula, na ce kan nan bai fita tsirara ba tun zamanin Turawa, muka daidaita na tura ta baya. In kika ga hoton za ki nemi saki.

Kullum bayan la'asar ina taka bakin kanal da sandata don ƙafa ta saba. Da fari ƙofar ruwa ta farko nake kaiwa in zauna ina haki. Yanzu ina wuce ta. Masu tsinkar tumatir suna tsokanata, “Malam, an dawo aiki ne?” Ina ce musu teku za ni. Suna zaton ruɗewar tsufa ce.

Mun karanta a fiƙihu cewa ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. Ina so in yi alwala da shi sau ɗaya, in tsaya a kan ƙanena in yi masa addu'a da bakina a inda yake. Bayan wannan ba ni da sauran buƙata wajen duniya.

Na sa an yi wa ɗakin Inna sabon yaɓe, an gyara ƙofarsa. A nan aka haifi kakanki, a nan za ki sauka. Uwa ta ware zakara tana ba shi dawa, ta ce na amarya ne. Ki zo da takalmi mai ƙwari, zan kai ki ki ga gonar gidanmu.

Isiyaku.

Agege,
Asabar, 6 ga Afrilu, 2002.

Kaka,

Gaisuwa da fatan ƙafa ta yi sauƙi. A tsaye nake rubutu a kasuwa, ka yi haƙuri da hannun.

Shiri ya canja. Bilya ya aiko cewa ruwan sama ya sauka da wuri a can, hanyar Keta ta fara ɓaci, saboda haka ya matso da tafiyar zuwa Asabar mai zuwa. Mu kuma ba za a sallame mu ba sai ranar Juma'a, bayan mun miƙa sakamakon jarrabawa. Ba yadda za a yi in zo Kadawa in dawo.

Don Allah ka hau motar Maharazu. An ce yana can wajenku yana lodi. Ka zauna gaba, ka riƙe ƙwayoyinka da fasfo a aljihu, ni zan tare ku a kasuwa. In mun dawo daga Keta sai in raka ka gida, in ci zakarana.

Na ba wani direba wannan, zai koma Arewa yau da kwandunan da aka juye. Ya ce ya san Kadawa.

Zuliha.

Kadawa,
Talata, 9 ga Afrilu, 2002.

Zuwa ga amaryata,

Assalamu alaikum. Yau Talata zafi ya yi tsanani, numfashi yana ɗan yi mini nauyi da rana, amma ina cin abinci. Ban ji daga gare ki ba tun wasiƙar Janairu. Na ɗauka jarrabawa ce ta riƙe ki, kuma mai shirin zuwa da ƙafarsa ba ya buƙatar takarda.

Zafin nan ya ƙone furen tumatir, kaka ta ƙare da wuri bana. Wannan lodin Maharazu shi ne na ƙarshe. Daga Legas zai ɗauki kaya zuwa Fatakwal, a Kudu yake yin daminarsa, ba za mu gan shi ba sai an yi girbi.

Ɗazu ya tsayar da motar a bakin titi ya shigo har zaure. Ya ce, “Baba Malam, ga gaban mota babu kowa. Ɗauko jakarka mu tafi, in sauke ka a hannun jikarka. Me za a jira?”

Na ce, “Ita ta ce za ta zo.”

Ya ce, “To ai ka rage mata wahala ke nan.”

Na ce, “In muka yi saɓani a hanya fa? Yarinya ta taso tun daga Legas, karo na farko, ta zo gidan kakanta ta tarar da kwaɗo a ƙofa? Wa zai ce mata sannu da zuwa? Maƙwabta?”

Ya ce, “Baba, bayan ni babu wata mota fa.”

Na ce na sani. Ya yi ta jujjuya makulli a hannu, ya ga ba zan tashi ba, ya ce to in rubuta ya kai.

Ba a taɓa yin baƙo a gidan nan ya rasa mai tarbarsa ba, ba kuma za a fara da jikar Baballe ba. Ƙarshen Afrilu da saura, lokaci zai ishe mu. In wannan ta same ki ba ki taso ba, ki hau motar Kano ki ce a sauke ki a Kadawa, kowa ya san gidana. Jakata a ɗaure take. Na sa farar riga ta Juma'a a sama don ranar Keta.

Mai jiran ki,
Isiyaku.

Keta,
Litinin, 15 ga Afrilu, 2002.

Kaka Malam,

Assalamu alaikum. Allah ya sa wannan ta same ka da sauƙi. Ta gidan waya zan aiko ta, da adireshin makarantar firamare ta Kadawa, don ban san wata hanya ba.

Ranar Alhamis na tsaya a kasuwa har motar Maharazu ta shigo. Na zagaya gefen fasinja na buɗe ƙofar da kaina. Ya miƙo mini takardarka bai iya kallona ba. Na karanta a nan tsakanin kwanduna, na zauna a ƙasa, mata suka taru suna tambaya wa ya rasu.

Na aiko maka cewa an matso da tafiyar, ka biyo Maharazu. Da na kwatanta masa direban da na ba, ya ce wannan mutumin Gashuwa ne, kuma tunda tumatir ɗinku ya ƙare babu abin da zai tsayar da shi a Kadawa. Ni ban san tumatir yana ƙarewa haka ba, Kaka. A kasuwarmu kullum akwai shi.

Na rasa wanda zan zaɓa, in zo wajenka ko in bi bas. Bilya ya ce ba zai sake bin hanyar nan ba sai Disamba. Na tuna abin da liman ya faɗa game da damina, na hau. Bilya bai ba kowa kujerarka ba, ko jaka bai bari an ɗora ba.

Ɗazu muka je. Ruwan ya matso. Saiwar darbejiyar ta gefen teku duk a waje take. Na durƙusa a gaɓa na yi alwala, gishirin yana yi mini zafi a ido. Liman ya yi addu'a, ni da Bilya da fasinjojin da ba su san ka ba muka shafa. Na faɗi sunanka da ƙarfi. Na ce, “Yayanka Isiyaku ya yi fasfo, ya ɗaure jaka, ni yake jira a gida.” Liman ya tambaya ko kai ma da kafaɗa kake dariya. Na ce ban sani ba, ban taɓa ganin ka ba.

An taƙaita mana hutun, muna komawa makaranta za ta buɗe. Sai dogon hutu, a Agusta, zan zo in Allah ya kai mu. Kada ka zauna jirana a zaure cikin zafin nan. Ka sha maganinka. Ka yafe mini.

Jikarka,
Zuliha.

Kadawa,
Juma'a, 17 ga Mayu, 2002.

Zuwa ga Zuliha,

Assalamu alaikum. Yau Juma'a ban samu zuwa masallaci ba. Ƙafafuwan biyu sun kumbura har gwiwa, ba na iya kwanciya sai a jingine. Na saba rubuta miki cewa jiki da sauƙi. Yau ba zan rubuta haka ba.

Babu wata takarda da ta zo daga gare ki, babu kuma motar da zan tambaya. Ban san ko kina lafiya ba, wannan ya fi damuna. In wani abu ne ya same ki a hanyar zuwa wajena, ban san inda zan sa kaina ba. In kuwa aiki ne ya riƙe ki, ko kin ga ɗawainiyar tsoho ta yi yawa, babu komai, wallahi babu komai. Ki dai aiko da layi ɗaya.

Afrilu ya wuce, na san bas ɗin Bilya ta tafi ta dawo. Ko da wata za ta tashi gobe, ƙafar da za ta hau ta babu. Na kwance jakar. Shekaranjiya aka yi ruwan farko a nan, mutane suna murna, ni kuwa ina ta tunanin in namu ya fara yanzu, nasu na can ya kai ina.

Uwa ta ce addu'a tana isa ko daga ina. Na sani, ai da ita nake isa gare shi duk shekarun nan. So na yi in tsaya kusa da shi. Allah bai nufa ba, na kuma karɓa. In kin sake bi ta wurin, kuma wurin yana nan, ki tsaya a madadina. In babu shi, kada ki ɓoye mini.

Zan ba hedimasta wannan in ya shiga Kano ya jefa a gidan waya. Ɗakin yana nan a share.

Yau ma na sa an fitar mini da tabarma zaure, inda nake hango titi. Motar Kano ta tsaya bayan la'asar, ta sauke mata biyu da buhun taki. Ba ki zo ba.

Kakanki,
Isiyaku.